Katin Gem ko Katin Ƙwararru: Wanne Ya Dace da Mai Aikin Renda?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana jiran hoto guda ya gama fita, yana kallon ɗige-ɗigen nan suna washewa a hankali kamar hazo, ya san dalilin da ya sa masu wannan sana'a ba sa gajiya da zancen katin zane, wato sashen kwamfuta mai lissafin hotunan da ke fita a allo. Renda ita ce aikin da kwamfuta ke yi na haɗa siffofin 3D da haske da launi ta mayar da su hoto ko bidiyo. A da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, ita ke ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai. Yanzu kaso mai yawa na aikin ya koma kan katin zane, kuma da zarar ka fara neman kati sai ka tarar da layi biyu. Ga GeForce na NVIDIA da Radeon RX na AMD, waɗanda aka yi don 'yan gem. Ga kuma RTX PRO, wanda tsofaffin hannu har gobe suke kira Quadro duk da kamfanin ya fara ajiye sunan tun 2020, da Radeon Pro na AMD, waɗanda aka yi don injiniyoyi, masu zanen gini da manyan situdiyo. A saman kowane layi, na ƙwararrun yakan ninka na gem kuɗi kamar sau huɗu. To me ake saya da wannan rarar?

Uwa ɗaya uba ɗaya

Abin da mai talla ba zai fara gaya maka ba shi ne, manyan katunan nan biyu ƙwaƙwalwa ɗaya ce a cikinsu. GeForce RTX 4090 da ya fito a Oktoban 2022 da RTX 6000 Ada duk a kan ƙwaƙwalwa mai suna AD102 aka gina su. Na gem yana da ƙananan injinan lissafi, waɗanda NVIDIA ke kira CUDA, guda 16,384. Na ƙwararru yana da 18,176. Kafin su, RTX 3090 da RTX A6000 na 2020 haka suke: 10,496 da 10,752. A 2025 aka sake maimaitawa, RTX 5090 da 21,760, RTX PRO 6000 Blackwell da 24,064. A gefen AMD ma Radeon RX 7900 XTX da Radeon Pro W7900 ɗanjuma ne da ɗanjummai ta fuskar ƙwaƙwalwa.

Saboda haka in an ɗora musu fage ɗaya a manhajojin renda irin Cycles na Blender, ko Redshift, ko Octane, ko V-Ray, kusan kunnen doki suke yi. A zamanin 4090, sau da yawa na gem ne ma ke ɗan shiga gaba, domin an sakar masa wuta har wat 450, shi kuwa RTX 6000 Ada an ɗaure shi a 300. Ma'adanar 4090, inda kati ke ajiye bayanan aiki, ita ma ta ɗan fi gudu, gigabait 1,008 a daƙiƙa, ɗayan kuma 960. A sabon zubin 2025, na ƙwararrun ya wuce, amma tazarar injinan kusan kashi goma cikin ɗari ce, ba ta kai a biya mata ninki huɗu ba.

Hoton da zai fito kuwa iri ɗaya ne. Wannan na nanata shi saboda akwai masu ɗaukar cewa katin ƙwararru yana fitar da hoto mai tsabta ko haske mai kyau. Ba haka ba ne. Lissafin bin sawun haske na manhajar renda ne, kati aikatawa kawai yake yi. Tun 2018 da aka fara saka sassan RT na musamman don wannan lissafi, layukan biyu tare suka same su. Ka ɗauki hoto biyu, ɗaya daga 4090 ɗaya daga RTX 6000 Ada, ka ba wa abokin cinikinka, ba zai taɓa nuna maka wanda ya fi tsada ba.

In da gudu ne kaɗai abin dubawa, da magana ta ƙare a nan.

Inda gizo ke saƙar: ma'adana

Kowane kati yana da ma'adanarsa ta kansa, VRAM, wadda ta bambanta da RAM ɗin kwamfuta. Kafin kati ya fara renda, dole a kwashe fagen gaba ɗaya a zuba masa a ciki: siffofi da miliyoyin alwatikan da aka gina su da su, hotunan da ake lulluɓe siffofin da su don su yi kama da katako ko fata ko dutse, hoton sararin da ke haska fagen, hayaƙi, gashi, da wani tsarin lissafi da manhaja ke ginawa don ta san inda kowane zaren haske zai bugu. In duk wannan ya shiga, kati ya yi ta gudu. In bai shiga ba, ɗayan biyu ne: ko aikin ya tsaya cak da saƙon cewa ma'adana ta cika, ko ya koma tafiyar hawainiya.

A nan ne layukan biyu suka rabu da gaske. RTX 4090 yana da gigabait 24, RTX 6000 Ada yana da 48. RTX 5090 yana da 32, RTX PRO 6000 yana da 96. RX 7900 XTX yana da 24, W7900 yana da 48. Wannan ba kuskure ba ne, tsari ne: kamfanonin sun san abin da ƙwararre ba zai iya yi ba tare da shi ba, shi suka ɗora wa kuɗi.

Bari mu ɗan yi lissafi don a ga yadda ma'adana ke cika ba tare da mutum ya ankara ba. Lulluɓi ɗaya mai girman 4K, wato ɗigo 4,096 a tsaye da 4,096 a kwance, in yana ɗauke da launuka uku da bayanin garai-garai, yana cin megabait 64 in ba a matse shi ba. Kada girman fayil ɗin da ka gani a faifai ya ruɗe ka. JPEG ɗin da ke nuna megabait kaɗan warware shi ake yi kafin a zuba wa kati. Ka ɗaga shi zuwa 8K, ya zama megabait 256. In 8K ɗin mai zurfin launi ne na bit 32, ya zama gigabait ɗaya cur. Lulluɓi ɗari masu 8K sun kai gigabait 25, wato sun riga sun fi ƙarfin 4090 tun ba a saka ko alwatika ɗaya ba. Kuma kujera guda a fage takan zo da lulluɓi uku ko huɗu: na launi, na kaushi, na tudu da kwari, na ƙyalli.

Sai ka tuna ba renda ce kaɗai ke cin ma'adanar ba. Allon da kake kallo yana ci, tagar aikin da kake jujjuya fage a cikinta tana riƙe da nata kwafin, burauzar da ka bari buɗe da shafuka ashirin tana ci, Photoshop ko After Effects da ke gefe suna ci. Katin da aka rubuta masa 16 ba 16 ɗin za ka samu ba.

Na taɓa barin wani ɗan gajeren bidiyo na cikin gida yana fita da daddare, firam ɗari uku da ɗoriya. Na gwada firam na farko, na gwada na tsakiya, komai lafiya, na kwanta. Da safe na tarar ya tsaya a inda kyamara ta juya ta fuskanci taga, domin a nan ne lambun da ke waje ya shigo hoto, da bishiyoyinsa da ciyawarsa. Fankar kwamfuta shiru, ɗaki a sanyaye, babban fayil ɗin ya cika rabi. Ba gudu ne ya kasa ba, wuri ne ya ƙare. Rabin yinin ya tafi wajen rage girman lulluɓin ganyen da babu wanda zai matso kusa da su, da mayar da bishiyoyin su zama kwafin bishiya uku da ake maimaitawa a maimakon kowacce ta tsaya da kanta. Fagen ya shiga, har da rara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun farko sakacina ne: ganyen da ke can nesa ba ya buƙatar 8K. Lulluɓi ɗarin nan da suka ci gigabait 25, in ka sauke su zuwa 4K sun koma shida da kwata, in 2K ne ba su kai biyu ba.

Wato yawancin masu kukan ma'adana gyaran fage suke buƙata, ba sabon kati ba. Amma akwai aikin da ba ya raguwa. Birni guda da aka ɗauko da hoton jirgi marar matuƙi, dabba mai gashi miliyoyi da za a nuno ta kusa, fashewar wuta da hayaƙi daga Houdini inda kowane firam ke da nauyin kansa, masana'anta sukutum da kowane kusa da noti daga zanen injiniya, hoton da za a buga a katafaren allon talla. Mai irin wannan aiki, in ya ce zai riƙa datse fage kullum don ya shige cikin 24, lokacin da zai ɓata ya fi kuɗin katin tsada. Shi ne mutumin da aka yi wa 48 da 96.

Za a ce maka Redshift da Octane suna iya aron RAM ɗin kwamfuta in ma'adanar kati ta cika, Cycles ma yana yin wani abu mai kama da haka. Gaskiya ne, kuma yana ceton aiki. Sai dai ka dubi hanyar da kayan za su bi. Gurbin da ake soka kati a kwamfuta, PCIe 4.0 mai layi 16, yana ɗaukar kimanin gigabait 32 a daƙiƙa, na 5.0 kimanin 64. Ma'adanar 4090 kuwa ta haura 1,000, ta 5090 ta kusa 1,800. Kamar mai aiki ne da kayansa ke kan tebur, sai aka mayar da rabinsu wani ɗaki can ƙarshen baranda. In abin da ya malala kaɗan ne, za ka jure. In rabin fage ne a waje, gudun da ka saya ya tafi.

Kati biyu ba ma'adana biyu ba ne

Mutane da yawa suna faɗawa wannan rami. Ka saka 4090 biyu, ba ka da gigabait 48; kana da 24 sau biyu, domin kowane kati sai an zuba masa cikakken kwafin fagen. Abin da ke ninkuwa gudu ne, kuma yana ninkuwa da kyau: a manhajojin bin sawun haske, kati biyu suna kusan raba lokaci biyu. In ka haɗa mai 24 da mai 12 a aiki ɗaya, a mafi yawan manhajoji ƙaramin ne zai gindaya maka iyaka.

A da akwai gadar NVLink da ke haɗa kati biyu su yi tarayya a ma'adana a manhajojin da suka yarda da haka. RTX 3090 yana da ita, A6000 ma yana da ita. Daga zubin Ada aka cire ta daga duka biyun, 4090 da RTX 6000 Ada. Shi ya sa har yanzu za ka ga wasu suna riƙe da tsofaffin 3090 guda biyu ba sa son rabuwa da su.

Maganar kati fiye da ɗaya ita ke kai mu ga jiki da zafi, inda katin ƙwararru ke da hujja ta biyu mai ƙarfi. Mafi yawan 4090 da 5090 na kamfanonin da ke haɗa su ƙatta ne, suna cin gurbi uku ko fiye, kuma fankokinsu cikin akwatin kwamfuta suke watsa zafi. Ka jera biyu kusa da juna, na sama zai riƙa shaƙar hucin na ƙasa, ya yi zafi, ya rage gudu da kansa. RTX 6000 Ada gurbi biyu yake ci, da fanka guda mai zuƙo iska ta tura ta waje ta bayan akwati. Huɗu za su jeru kafaɗa da kafaɗa su sha wat 1,200. 4090 huɗu wat 1,800 ne, in ma ka sami akwatin da zai ɗauke su. Shi 5090 wat 575 yake sha shi kaɗai, kuma NVIDIA ta ba da shawarar na'urar wuta mai wat 1,000 a kwamfutar da ke ɗauke da guda ɗaya tal. RTX PRO 6000 ya zo iri biyu a teburin aiki: mai wat 600, da Max-Q mai wat 300 wanda aka yi musamman don jerawa.

Duk wat ɗin da kati ya sha zafi yake komawa a ɗakin da kake zaune, kuma renda ba kamar gem ba ce da ake hawa ana sauka. Awa goma kati zai yi a ƙure. Dabara ɗaya da masu katin gem suka daɗe da ganowa ita ce rage masa iyakar wuta daga manhaja. Ana iya zaftare kaso mai tsoka na wutar 4090 a rasa gudu kaɗan, ɗaki ya yi sanyi, fanka ta yi shiru. A taƙaice ka mayar da shi irin saitin da katin ƙwararru ke zuwa da shi daga masana'anta. Sannan ka kula da filogin wutar nan mai fil 16: an sami rahotannin narkewarsa a farkon fitowar 4090, galibi inda bai shiga ya zauna daram ba, har aka sake masa fasali daga baya. Ka tura shi ya shige har ƙarshe, kada ka lanƙwasa wayar dab da bakinsa.

Tarkon ƙaramin katin ƙwararru

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin masu ƙaramin ƙarfi yake kamawa. Mutum ya ji an ce aikin ƙwararru sai katin ƙwararru, kuɗinsa bai kai na saman layi ba, sai ya sayi na tsakiya ko na ƙasa. An gudu ba a tsira ba. RTX 4000 Ada yana da injinan CUDA 6,144 da gigabait 20, kuma ya fito da tsadar da ta ɗara ta RTX 4080 Super mai injina 10,240 da gigabait 16. Ka biya ƙari, ka sami rarar gigabait huɗu, ka yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na injina. RTX 5000 Ada yana da injina 12,800 da gigabait 32. 5090 yana da ma'adana daidai wannan, da injina 21,760, a kusan rabin kuɗinsa na fitowa.

Ba wai waɗannan katunan ba su da amfani ba ne. RTX 4000 Ada gurbi ɗaya yake ci, wat 130 yake sha, akwai ma ɗan uwansa na ƙaramin akwati mai wat 70 da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Ga injiniyan da ke zane a ƙaramar kwamfutar ofis, faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma ga wanda renda ce abincinsa, kuɗi ɗaya a katin gem ya fi sayo gudu nesa ba kusa ba.

Masu laftof su ma su buɗe ido da suna. RTX 4090 na laftof gigabait 16 gare shi, kuma ƙwaƙwalwarsa ba AD102 ba ce, ƙaramarta ce. 5090 na laftof 24 gare shi, ba 32 ba.

Abubuwan da ake kurantawa

ECC tsari ne da ke gano kuskuren da ya faɗa wa bayani a cikin ma'adana ya gyara shi, kuma manyan katunan ƙwararru suna zuwa da shi. Ga mai lissafin ƙarfin gada, ko binciken kimiyya da zai kwana bakwai yana gudana, lamba ɗaya da ta juye na iya lalata sakamako ba tare da kowa ya sani ba. Ga mai renda, mafi munin abin da zai faru shi ne ɗigo ɗaya ya ɓaci ko firam ɗaya ya faɗi, ka sake fitar da shi. Abu ne mai kyau in ya zo, ba abin da zan ninka kuɗi dominsa ba.

Akwai kuma tsohon zancen cewa katin ƙwararru ya fi ƙarfi a lissafi mai zurfin bit 64. A waɗannan katunan da muke magana, ba haka ba ne: 4090 da RTX 6000 Ada duk kashi ɗaya cikin 64 na ƙarfinsu suke bayarwa a wannan fanni. Masu ƙarfin gaske a nan su ne katunan cibiyoyin bayanai irin A100 da H100. Renda kuma da bit 32 take aiki. Haka nan launi mai bit 10 a manhajoji irin Photoshop, wanda a da sai Quadro, tun 2019 aka buɗe wa GeForce shi ta direban Studio.

Direba da shaidar amincewa

Direba, wato manhajar da ke tsakanin kati da sauran manhajoji, iri uku ce a wajen NVIDIA. Akwai ta gem da ake sabuntawa duk sanda sabon wasa ya fito, akwai Studio da ake gwadawa da manhajojin ƙirƙira kuma kowane GeForce na zamani zai iya ɗaukarta kyauta, sai ta katunan ƙwararru da ake daɗewa ana tallafa wa zubi ɗaya. In katin gem gare ka kana aiki da shi, ka saka Studio, kuma in komai na tafiya daidai kada ka sabunta a tsakiyar kwangila.

Inda direban ƙwararru ke da tasirin gaske shi ne manhajojin zanen injiniya: SolidWorks da CATIA na Dassault Systèmes, NX na Siemens, Creo na PTC. Kamfanonin nan suna fitar da jerin katunan da suka gwada suka amince da su, kuma katunan ƙwararru ne ke cika jerin. A SolidWorks, fasalin RealView a hukumance sai da kati amintacce yake kunnuwa. A wasu daga cikinsu jujjuya babban zane a tagar aiki ya fi santsi a katin ƙwararru, ba don ƙarfen ya fi ba, don an gyara direban ne musamman saboda su. Kuma ranar da manhaja ta riƙa faɗuwa ka nemi taimakon masu ita, farkon abin da za su tambaya shi ne katinka yana cikin jeri? In ba ya ciki, suna da damar su ce ka canza kati tukuna. Mai aiki shi kaɗai zai iya jurewa ya nemo mafita da kansa. Kamfanin da ke da injiniyoyi hamsin da kwangilar tallafi ba zai yi wannan caca ba.

Blender, Cinema 4D, Houdini, Maya da 3ds Max kuwa, dubban masu sana'a suna tafiyar da su a GeForce kullum ba tare da wata matsala ba. Su kuma Unreal Engine, Twinmotion, Lumion, Enscape da D5 Render, da masu zanen gini ke ji da su, jininsu na gem ne. Katin gem a gidansa yake, kuma galibinsu kati ɗaya suke amfani da shi, don haka guda mai ƙarfi ya fi biyu matsakaita.

Wasu abubuwa da suka shafi manya kawai. Yarjejeniyar direban GeForce ta hana girka shi a cibiyar bayanai, don haka mai shirin kafa rumbun renda na haya ya karanta ta da kyau. Sannan haɗa alluna da yawa su yi tafiya daidai da juna, irin bangon LED da ake ɗaukar fim a gabansa, da raba kati ɗaya ga ma'aikata da yawa daga nesa, duk fagen katunan ƙwararru ne.

Kafin kati, manhaja

Duk wannan bayani banza ne in katin bai dace da manhajarka ba. Arnold, a ɓangarensa na kati, NVIDIA kaɗai ya sani. Octane a Windows CUDA yake buƙata. Karma XPU na Houdini shi ma a NVIDIA ya jingina. Cycles ne mai faɗin ƙirji: yana aiki da katunan NVIDIA ta hanyoyinsu na OptiX da CUDA, da na AMD ta hanyarsu ta HIP tun Blender 3.0 a ƙarshen 2021, da katunan Intel Arc, da na Apple. Ko a can ɗin, katunan NVIDIA ta hanyar OptiX sun saba shiga gaban takwarorinsu na AMD a renda. Abin da AMD ke jawo mutane da shi ma'adana ce mai yawa a kuɗi mai sauƙi, kuma W7900 ya fi RTX 6000 Ada araha da gigabait 48 iri ɗaya. Ga mai Blender zalla da manyan fage, abin dubawa ne. Ga mai tsalle tsakanin manhajoji huɗu, NVIDIA ce hanyar da ba ta da gargada.

In kuwa Corona kake amfani da shi, CPU ne ke maka renda. Ka kai kuɗinka can, ka sayi matsakaicin kati don tagar aiki.

To wa zai sayi wanne?

Ni dai in mai aiki shi kaɗai ne ko ƙaramin situdiyo ya tambaye ni, mai hotunan kaya, zanen cikin gida, tallan bidiyo, rubutu mai motsi, amsata katin gem ce, mafi yawan ma'adanar da aljihu zai ɗauka. Gigabait 8 ta yi kaɗan ga aikin kuɗi a yau, 12 maneji ce, 16 ita ce mafarin natsuwa, 24 zuwa 32 kuwa za su ɗauki mafi yawan abin da mutum ɗaya zai iya ginawa. Rarar kuɗin ta tafi ga RAM, da na'urar wuta mai inganci, da akwati mai iska, ko kati na biyu. Kuma katin gem ya fi saurin samun mai saye ranar da za ka sabunta.

Katin ƙwararru na wanda ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ya kama ne: fagensa ya wuce 32 ko bayan gyara, ko manhajarsa ta injiniya na neman kati amintacce, ko yana son jera uku ko huɗu a akwati ɗaya, ko zai girka shi a cibiyar bayanai. In ɗaya ya kama ka, ka saya ba tare da jin an cuce ka ba. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In babu ko ɗaya, suna ka saya.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka buɗo fage uku mafi nauyi da ka yi a shekarar da ta wuce, ka fitar da firam mafi cunkoso a kowanne, ka sa ido a kan lambar ma'adana. Blender yana nuna ƙololuwar abin da ya ci a saman tagar renda, Redshift da Octane suna da nasu bayanin, Task Manager na Windows da GPU-Z ma suna nunawa. Ka ɗauki lambar da ta fi girma, ka ƙara mata kamar rabinta saboda ayyukan shekara biyu masu zuwa, ka nemi katin da ya ɗauke ta. In kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ne katon aiki ke faɗo maka, akwai rumbunan renda na intanet da ke ba da hayar manyan katuna a kan awa; ka tura musu wannan aikin, ka saka kuɗin hayar a cikin lissafin kwangilar, sauran watannin ka ci gaba da katin da ke kan teburinka.